Yadda Ake Karanta Lambobi da Haruffan Tsofaffin Jiragen Ƙasa na Wasa da Kwalayensu

Wanda ya saba sayen atamfa ba ya tsayawa kan kyan zane. Bakin zanin yake juyawa ya karanta abin da aka buga, ya shafa, ya ɗaga wa haske. Haka masu tara tsofaffin jiragen ƙasa na wasan yara suke yi a Amurka da Ingila da Jamus. Tarago biyu za ka gani launi ɗaya, girma ɗaya, amma ɗaya kuɗinsa ya ninka na ɗayan sau da yawa saboda harafi guda da aka buga a bakin kwali, ko saboda launin rubutun da ke jikinsa.

Zan ɗauki kamfanin Lionel na Amurka a matsayin misali, domin alamominsa ne aka fi bin diddiginsu. Joshua Lionel Cowen ya kafa shi a New York a 1900, daga baya ya kai masana'antarsa jihar New Jersey. Masu tarawa sun raba kayansa gida uku: na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wato har zuwa 1942, na bayan yaƙi, daga 1945 zuwa 1969, da na zamani, tun daga 1970 lokacin da kamfanin General Mills ya karɓi yin su. Yawancin abin da ke tafe na zangon tsakiya ne.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu. Ba don masu tarawa aka buga waɗannan alamomi ba. Ma'aikatan masana'anta da na sito ne suke yi wa junansu magana, don kada a zuba kayan wannan saiti a kwalin wancan. Saboda haka kowace alama shaida ce guda ɗaya kawai, sai ka ji ta bakin sauran kafin ka yanke hukunci.

Mataki na 1: Kada ka wanke, kada ka goge

Kayan aikin ba su da yawa: tocila, gilashi mai ƙara girman rubutu, ƙaramar sukudireba, tsumma mai laushi, littafi da biro, da wayarka don ɗaukar hoto. Ka shimfiɗa tsumman a tebur, ka ɗauki hoton kowane gefe har da ƙasa, sannan bakin kwalin duka biyu.

Ruwa da sabulu suna iya tafiya da rubutun da aka buga da hatimin roba, musamman a kan fentin ruwan azurfa, wanda shafa da yatsa ma yana dusar da shi. Ƙura kawai za ka kakkaɓe da burushi mai taushi. Idan kwalin ya yage, ka bar shi a yage. Salatif yana cin takarda, yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Mataki na 2: Raba lambar gida uku

Rubuta duk lambar da ka gani yadda take, sannan ka raba ta: abin da ke gaba, uwar lamba, da abin da ke baya. A 6464-25, uwar ita ce 6464, wutsiyar kuma 25. A 2046W, uwar 2046, wutsiyar W. A X6454, harafin ne ya riga.

Uwar lambar kanta tana magana. A kawunan jirgi masu tururi, lamba mai alƙaluma uku galibi ta nau'in dogon da ake kira O ce, mai huɗu kuma ta wanda ake kira O27. Faɗin dogon ɗaya ne, inci ɗaya da kwata. Bambancin shi ne O27 ya fi sauƙin kuɗi kuma faɗin da'irarsa inci 27 ne, na O kuwa 31. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne sau da yawa kan jirgin ɗaya ne aka ba shi suna biyu: 675 da 2025, 671 da 2020, 646 da 2046. Idan wani ya ce maka 675 ya fi 2025 ƙarfi, lamba ce ta ruɗe shi.

A taragu kuwa alƙalamin farko ake kallo. Mai farawa da 2 a shekarun farko bayan yaƙi yana da ƙugiyar haɗi mai naɗin wayar lantarki. Mai farawa da 6 yana da ƙugiya mai buɗewa da maganaɗisu, wadda ta shigo a 1948. Shi ya sa taragon mai na Sunoco 2465 ya koma 6465, kuma 2257 ya koma 6257. Mai farawa da 3 tarago ne mai yin wani aiki, kamar 3472 da ɗan mutum ke fito da gwangwanayen madara daga cikinsa, ko 3656 na shanu. Mai farawa da 4 na saitin da ake sarrafawa da siginar rediyo ne, wanda aka yi daga 1946 zuwa 1949. Mai farawa da 1 sau da yawa na Scout ne, saitin talaka. Ƙa'idar ta fi ƙarfi a ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950. Daga baya kamfanin da kansa ya riƙa taka ta.

Mataki na 3: Fassara haruffan

W yana nufin akwai usur a cikin taragon kwal da ke bin kan jirgi. T a kan irin wannan tarago yana nufin babu usur, fanko ne. Ɗaga shi ka ji: mai W yana da nauyi, kuma a ƙasansa akwai 'yan tayoyin ɗaukar wuta daga dogon tsakiya, domin dogon Lionel layi uku ne. Idan kwali ya ce 6466W amma taragon shafal yake, ko an cire injin usur ɗin, ko kwalin na wani ne.

A jirage masu dizal irin F3, haruffan suna kan kwali. 2343P shi ne kan da ke da inji, 2343T ɗan rakiya ne marar inji, 2343C kuma na tsakiya ne marar ɗakin direba. A jikin kawunan biyu 2343 kawai za ka gani. A lura T ɗin nan da na taragon kwal ba kalma ɗaya suke wakilta ba, ko da yake duka biyun suna nuna abin da babu komai a cikinsa.

A kwalin saiti, W usur ne, S hayaƙi, don haka WS na nufin jirgin yana busa kuma yana hayaƙi. Hayaƙin ya fara a 1946. E kuwa tsohon harafi ne na kafin yaƙi, kamar a 260E, 400E da 700E: yana nufin akwai na'urar da ke juya jirgi gaba ko baya daga nesa.

RR yana da labari. A 1950 Lionel ya fito da Magne-Traction, wato sa maganaɗisu a tayoyi don su kama dogo, sai 726 ya zama 736, 671 ya zama 681. Yaƙin Koriya ya sa ƙarafan yin maganaɗisun suka yi wuya, a 1952 aka fitar da jiragen babu shi, aka mayar musu da tsofaffin lambobinsu: 726RR da 671RR. Masu tarawa suna karanta RR da ma'anar an sake fitarwa. Wasu an buga musu haruffan a jiki, wasu ba a buga ba. Gwajin ba wuya: kusanta bakin sukudireba da taya. Idan ta manne, akwai maganaɗisu. Kan jirgi mai lamba 736 wanda tayoyinsa ba su ja ƙarfe ba abin tuhuma ne, wataƙila an ɗora gangar wani a kan injin wani.

Sai X, wanda ya fi kowane harafi cin kuɗin mutane. Wuri uku yake zama, ma'ana uku. Idan yana gaban lamba a jikin rufaffen tarago, kamar X6454 ko X6014, ado ne na nuna nau'in taragon, ba ya cikin lambar da ke kasida, wato littafin tallar kayan kamfanin, ba ya ƙara sisi. Idan yana bayan lamba, yana nufin wannan ya saɓa wa na kullum ta wata fuska, kuma saɓanin yana iya zama ƙari ko ragi. 6257X taragon wutsiya ne mai ƙugiya gaba da baya, alhali 6257 na kullum ɗaya gare shi, kuma ana nemansa. 2452X kuwa an rage masa kaya ne don ya shiga saiti mai araha. Idan X ɗin yana gaban lambar saiti a babban kwali, saiti ne da aka haɗa wa wani kanti ko ɗan kasuwa, bai fito a kasidar shekara ba. Mai sayarwa da ya nuna maka X ya ce wannan ba a samunsa, tambaye shi: wane X ɗin?

Mataki na 4: Lambar bayan ɗan layi

Wannan tana nuna launi ko sunan kamfanin jirgin da aka buga a jiki. Mafi shahara su ne taragun 6464, guda 29 da aka fitar tsakanin 1953 da 1969. 6464-1 na Western Pacific ne, -25 na Great Northern, -50 na Minneapolis & St. Louis, -75 na Rock Island, -300 na Rutland. A na farko-farkon, 6464 kawai aka buga a jiki, wutsiyar tana bakin kwali, to ka ga amfanin kwali ke nan.

Amma bambanci mafi tsada sau da yawa ba shi da lamba ko kaɗan. 6464-1 mai shuɗin rubutu yana ko'ina, mai jan rubutu kuwa sai an tona, kuma lambarsu ɗaya. 6464-100 ya fito da kala biyu: ruwan azurfa da gashin tsuntsu rawaya, da ruwan lemo da gashin tsuntsu shuɗi. Kamfanin bai ga dalilin bambanta su ba, yaro ai wasa zai yi. Sunaye irin su nau'i na ɗaya, na biyu, na uku da na huɗu da za ka gani a littattafan farashi masu tarawa ne suka ƙirƙiro su daga baya, ta hanyar ƙirga layukan kan ƙusa da aka zana a gefen taragon. A nau'in farko layukan sun fi cika. Da tafiya ta yi tafiya aka riƙa shafe wasu daga mazubin don rubutu ya sami wuri mai santsi. Haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, kan ƙusoshin za su yi inuwa ka ƙirga su.

Akwai kuma 2037-500, kan jirgi ruwan hoda na saitin 'yan mata na 1957. Bai yi kasuwa ba a lokacinsa, yau kuwa ana rububinsa, abin da ya sa ake ɗaukar baƙin 2037 na kullum a fesa masa ruwan hoda. Kamfanin ma ya sake fitar da saitin a 1991, don haka akwai na asali, akwai sabo na halal, akwai na bogi.

Mataki na 5: Kifa shi ka duba tayoyi

A ganina nan gaskiya take zama, domin ba kowa ke damuwa da yi wa ƙasan tarago kwalliya ba. Gindin tayoyi na ƙarfe iri biyu ne. Duba gefensa, inda ƙarfen tsakiya ya haɗu da bangon tayoyin: idan mahaɗin ya yi kama da wayar da ake maƙale takardu da ita, na 1951 ne ko kafin haka, idan ya yi kama da ɗan sanda a kwance, na bayan nan ne. Daga 1957 gindin roba ya fara maye gurbin na ƙarfe.

Yanzu sai ka gwada da abin da lambar ta ce. Taragon 6464-1 na 1953 da 1954 ne, to ya kamata a same shi da gindin ƙarfe mai ɗan sanda. Ka gan shi da gindin roba, an canja. Ka duba ƙusar da ta riƙe gindin: ta masana'anta bakinta a naɗe yake sumul, wadda aka buga a gida takan tsage ko ta karkace.

Kwanan watan da ke jikin tarago, mai farawa da BLT ko NEW, kada ya yaudare ka. Kwaikwayon rubutun jiragen gaske ne, yawanci yana nuna lokacin da aka fara fitar da wannan zane, kuma akan ci gaba da buga shi shekaru ba a canja ba. Yana gaya maka taragon bai girmi wannan shekara ba, iyakarsa ke nan. Haka ma lambar da za ka gani a cikin gangar idan ka buɗe: ta mazubi ce ko ta safaya, kuma mazubi ɗaya yakan haifi taragu masu lambobi daban-daban.

Mataki na 6: Yadda aka buga rubutun

Hanya biyu aka fi bi. Bugun zafi yana ɗan nutsewa cikin roba ko fenti, gefen haruffan yana da kaifi, idan ka bi da farce a hankali za ka ji ɗan rami. Bugun hatimin roba a sama yake zaune, gefensa yana da ɗan laushi, tawadar ba ta cika daidai ko'ina. Akwai kuma tambarin da ake mannawa, kamar wanda ke hancin kan jirgi mai ɗauke da sunan kamfanin Santa Fe, wanda tsufa ke sa shi yin rawaya da tsattsagewa.

Jirgi mai shekara 70 da rubutu fari fat kamar jiya aka buga, ga tayoyi sun cinye, ka san an taɓa. Leƙa ciki: feshin masana'anta yakan bar cikin gangar da launin robar asali ko ɗan burbushin fenti, mai sake fenti kuwa yakan rufe kan sukurori da tsofaffin ƙarzuna. Shinshina ma, sabon fenti yana daɗewa bai daina wari ba. Sake fenti ba laifi ba ne idan an faɗa. Ƙungiyar Train Collectors Association, wadda aka kafa a 1954, tana buƙatar mambobinta su sa alama a kan abin da aka gyara ko aka kwaikwaya. Ita ce kuma ke da ma'aunin C-1 zuwa C-10 na lafiyar jirgi, da P-1 zuwa P-10 na kwali da takardu. Waɗannan lambobin mai sayarwa ne ke rubuta su, ba masana'anta ba.

Mataki na 7: Kwali

Kwalin Lionel mai ruwan lemo da shuɗi ya sauya kama sau da yawa, kowane sauyi kuma kalanda ne. Fara da sunayen birane. Idan ka ga NEW YORK, CHICAGO da SAN FRANCISCO tare, kwalin na ƙarshen shekarun 1940 ne. Daga wajen 1950 San Francisco ta fita. Idan akwai tambarin OPS da farashi, zamanin Yaƙin Koriya ne, lokacin da gwamnatin Amurka ta kafa ofishin ƙayyade farashi mai wannan suna, wanda ya yi aiki daga 1951 zuwa 1953, kuma a kwalayen Lionel an fi ganinsa a na 1952. Kwali mai huda-huda a gaba, wanda mai kanti zai ɓalle ya nuna kaya, na 1959 da 1960 ne. Mai hoton kawunan jirgi na farkon shekarun 1960 ne. Mai tagar leda ya zo a 1966. Mai zanen dara kuwa na ƙarshe ne: wanda aka rubuta sunan garin Hagerstown na 1968, mai garin Hillside na 1969.

Bakin kwali kan zo da lambar da aka shafe aka buga wata, ko aka manna takarda a kai. Wannan ba lallai ha'inci ba ne. Kamfanin ba ya zubar da ragowar kwali, yakan sake masa lamba, kuma masu tarawa suna son irin waɗannan. Abin dubawa shi ne ko tawadar gyaran ta tsufa tare da kwalin. Manyan kwalaye masu kauri na kawunan jirgi da saiti suna da zagayayyen hatimin kamfanin da ya yi kwalin, wani lokaci da shekara a kusa da shi. Takardar bayani ma tana da 'yan ƙananan alƙaluma a can ƙasa, lambar takardar da wata da shekarar bugu, kamar 8-53.

Kwalayen kwaikwayo sun yi yawa. Na asali cikinsa ya yi duhu da tsufa, yana warin tsohuwar takarda, kusurwoyinsa sun yi laushi. Kuma ko na asali ne, kwali ba ya rantsuwa cewa abin da ke cikinsa nasa ne. Shekara 60 sun isa a yi musanya sau goma.

Mataki na 8: Tara shaidu wuri ɗaya

Ja layi huɗu a littafinka: lamba, tayoyi da ƙugiya, rubutu da launi, kwali da takarda. Gaban kowanne rubuta shekarun da yake nunawa. A ce kana da kan jirgi mai 726 a jiki, tayoyinsa ba sa jan ƙarfe, kwalinsa yana da tambarin OPS, takardarsa tana ɗauke da 52. Duka sun haɗu a 1952, 726RR ne ko da ba a buga RR a jikinsa ba. A ce kuma Santa Fe ne mai lamba 2343, wanda aka yi daga 1950 zuwa 1952, a cikin kwali mai huda-huda. Tsakaninsu shekara bakwai ne aƙalla, sai ka yi cinikin jirgi daban, na kwali daban. Tazarar shekara ɗaya ba ta da komai, domin masana'anta takan ƙarasa ragowar kayan bara a bana.

Idan ba Lionel ba ne

Hanyar ɗaya ce, haruffan ne suka bambanta. Hornby Dublo, wanda kamfanin Meccano na Liverpool ya fara a 1938, yana amfani da EDL ga kan jirgi mai lantarki: EDL1 shi ne kan jirgi mai suna Sir Nigel Gresley, EDL2 mai suna Duchess of Atholl. Jirage masu LMS, LNER, GWR ko SR a jiki, wato tsofaffin kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya, sun riga masu tambarin British Railways, wanda Dublo ya koma kansa a 1953, shekara biyar bayan gwamnati ta karɓe layukan dogon. Mai dogo biyu maimakon uku bai riga 1959 ba. Takardun Meccano suna da lambar maɗaba'a da aka raba da layuka, ta tsakiya wata da shekara ce. Märklin na garin Göppingen a Jamus ya bar haruffa ya koma alƙaluma huɗu a 1957, CM 800 ya zama 3000.

Sunan ƙasa ma kalanda ne. U.S. Zone Germany na shekarun farko bayan 1945 ne, Western Germany ko West Germany bai wuce 1990 ba, Occupied Japan kuma daga 1947 zuwa 1952. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya ta alƙaluma biyar bai riga 1963 ba, kwali mai layukan da ake haskawa a kanti kuwa bai riga tsakiyar shekarun 1970 ba, komai tsufan da ya nuna.

Alama ta ƙarshe tana kan farantin taransifoma, kuma ita ce ta shafi wanda ya tsinci irin wannan jirgi a kayan gwanjo a Kano ko Maradi. Na Lionel an yi su ne don wutar Amurka, volt 110 zuwa 120, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Ka soka kai tsaye, hayaƙin da za ka gani ba na S ba ne. Sai da na'urar rage wuta, kuma kafin nan mai gyaran lantarki ya duba igiyar, domin robarta takan bushe ta farfashe. A kan ZW, babban taransifoman kamfanin, karanta watt ɗin da aka rubuta: 250 na 1948 da 1949 ne, 275 daga 1950 zuwa gaba.